Yadda Ake Ɗaura Kunnen Na'urar Gano Kifi a Jikin Injin Lallaɓa Jirgi

Na'urar gano kifi gida biyu ce. Akwai allon da ake kafawa a cikin jirgi, wanda masunci yake duba, akwai kuma wani ɗan dunƙulen roba mai doguwar wutsiyar waya wanda yake zama a cikin ruwa. Masu sayarwa suna kiran wannan na biyun taransdusa, amma a nan zan riƙa ce masa kunne, domin aikinsa ke nan: ya harba amo zuwa ƙasan ruwa, sannan ya saurari dawowarsa. A cikinsa akwai ɗan faifan tangaran na musamman wanda yake girgiza idan wuta ta shige shi, yake kuma haifar da 'yar wuta idan amo ya girgiza shi. Amo yana cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, saboda haka inda zurfi ya kai mita 15, zuwa da dawowar ba su wuce kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa ba, kuma da wannan ɗan lokacin ne na'urar take lissafa zurfi, ta zana ƙasa da ciyawa da kifi a kan allo.

Shi kuwa injin lallaɓa, wanda ake ce wa turolin moto, ƙaramin inji ne mai aiki da batir, wanda ake tura jirgi da shi sannu a hankali ba tare da ƙarar da za ta kori kifi ba. Sana'ar ƙera shi ta Amurka ce tun asali, domin kamfanin Minn Kota ya faro ne a garin Fargo a 1934, shi ya sa har yau za ka tarar ana auna ƙarfinsa da fam, tsawon sandarsa kuma da inci. Ɗaura kunne a jikinsa yana da riba uku: ba sai ka huda jirginka ba, kunnen yana zama can ƙasa cikin ruwa mai natsuwa inda kumfa ba ta kai wa, kuma idan injin na goshin jirgi ne, abin da allo yake nuna maka shi ne abin da yake ƙarƙashin inda kake tsaye kana jefa ƙugiya. Hasararsa ɗaya ce, wato da zarar ka ɗage injin don ka tayar da babban injin fetur, allon ya makance, tunda irin wannan amo ba ya aiki a cikin iska.

Ɗaure kunnen kansa aikin minti goma ne. Wayarsa ce aikin, kuma ita ce take cin kuɗin mutane, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Abin dubawa kafin a taɓa sukudireba

Da farko ka tabbata injinka ba shi da kunne a cikinsa tun daga kamfani. Wasu injinan Minn Kota da MotorGuide suna zuwa da shi a binne cikin gangar injin, wato dunƙulen da ke ƙasan sandar wanda farfela take jikinsa, wayarsa kuma ta bi ta cikin sanda ta fito kusa da gindin da aka kafa injin. Idan ka ga wata 'yar waya mai fulogi tana lilo ba a jona ta da komai ba, mai yiwuwa ita ce, kuma abin da kake bukata kawai shi ne gajeriyar wayar haɗi da ta dace da allonka, ko Humminbird ne ko Lowrance ko Garmin, domin bakin fuloginsu ba ɗaya ba ne.

Na biyu, ka san irin injin da kake da shi, domin shi ne zai yanke hanyar da waya za ta bi. Akwai mai mariƙin hannu, wanda aka fi maƙalawa a bayan jirgi. Akwai wanda ake juyawa da feda ta hanyar igiyar ƙarfe. Akwai kuma wanda wuta ce take juya shi, irin su PowerDrive da Terrova na Minn Kota, wanda sandarsa take zamewa sama da ƙasa ta cikin akwatin sitiyari duk lokacin da aka sauke shi ko aka ɗage shi. Wannan na ukun shi ya fi cin waya.

Kayan aikin ba su da yawa. Kana bukatar mazaunin kunnen da aka yi don irin wannan inji, wanda sau da yawa yana cikin kwalin na'urar. Sai babban kilif irin wanda makanikai suke ɗaure tiyon lagireto da shi, amma lalle ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, har da sukurun da ke jikinsa, domin akwai kilif ɗin da zobensa mai kyau ne amma sukurunsa baƙin ƙarfe ne, damina ɗaya ta ishe shi ruɓewa. Ka auna kewayen gangar injin da zare kafin ka je kasuwa. Sai sukudireba, da ƙaramar sifana, da filaya mai yanka, da baƙin salatif na masu wayarin, da maɗauran roba baƙaƙe, tunda farare rana tana busar da su su karye da wuri. Ka haɗa da guntun tsohon tiyub na babur, da fis tare da gidansa, da alli ko maka, wato alƙalami mai kaurin baki.

Sannan ka cire wayar injin daga batir. Ba kashe makunni nake nufi ba, cirewa ɗungurungum. Hannunka zai daɗe kusa da farfela, kuma gwiwa ko ƙafar wani tana iya taka feda ba da niyya ba.

Ɗaure kunnen

Ka sa injin a inda za ka iya kai wa ga cikin gangarsa ba tare da wahala ba, ko a kan tudu da jirgin a ɗage, ko ka maƙala shi a jikin benci mai ƙarfi. Ka goge gangar da ruwan sabulu har ta rabu da gansakuka da maiƙo, ta bushe.

Haɗa kunnen da mazauninsa yadda takardar na'urar ta nuna, amma kada ka ƙulle notin gaba ɗaya tukuna, ka bar shi yana ɗan motsi. Sannan ka zura kilif ta kafar da ke jikin mazaunin.

Inda kunne zai zauna shi ne ƙarƙashin gangar, daidai tsakiya, fuskarsa mai santsi tana kallon ƙasa, hancinsa kuma yana kallon gaba, wato ɓangaren da ba farfela. A ƙarƙashin gangar akwai ɗan fiffike mai kama da ƙayar bayan kifi, wanda yake kare farfela daga dutse da kututture. Idan akwai isasshen fili a bayan wannan fiffiken ba tare da kunnen ya matsa wa farfela ba, can ya fi, domin fiffiken ne zai riƙa karɓar duka. A yawancin ƙananan injina filin ba ya isa, sai dai a gabansa, kuma babu laifi, illa dai ka san cewa kunnen ne zai fara gaisawa da duk abin da ka ci karo da shi. Wanda yake kamun kifi a tafkin da aka tare bisa tsohon daji, irin su Kainji ko Volta inda itatuwa suke tsaye a ƙarƙashin ruwa har yau, ya kamata ya ɗauki wannan zance da muhimmanci. Ko ina ka zaɓa, ka juya farfelar da hannu zagaye guda ka ga cewa babu inda take kusantar kunnen ko wayarsa.

Yanki guntun tiyub daidai faɗin kilif, ka naɗa shi a gangar kafin ka ɗora kilif ɗin a kai. Robar tana hana zamewa, tana kare fenti, tana kuma rage girgizar da take shiga kunnen. Ka juya kilif ɗin yadda kan sukurunsa zai zauna a sama ko a gefe, ba a ƙasa ba inda zai riƙa kama ciyawa da tsohuwar raga. Ka ƙulle har sai kunnen ya daina juyawa idan ka murɗa shi da hannu, daga nan ka dakata, domin mazaunin roba ne, wanda ya matse shi da ƙarfin tsiya zai ji ya yi ƙas. Kada kuma ka kuskura ka huda gangar injin don sa sukuru. A rufe take ruf don hana ruwa shiga, kuma rami ɗaya ya isa ya kashe injin.

Saura daidaito. Fuskar kunne dole ta kwanta daidai da fuskar ruwa a lokacin da injin yake a sauke yana aiki, ba a lokacin da yake kan benci ba. Idan injin na bayan jirgi ne, sai ka fara gyara maƙallinsa har sandar ta tsaya tsaye cak, sannan ka daidaita kunnen. Amon da kunne yake harbawa yana buɗewa ne kamar mazurari a kife. Na kilohaz 200 (kilohaz shi ne ma'aunin saurin girgizar amo) yakan buɗe kusan digiri 20, wanda ke nufin faɗin abin da yake gani a ƙasa ya kai kusan sulusin zurfin ruwan: a zurfin mita 9, da'ira ce mai faɗin mita 3 kacal. Na kilohaz 83 ya fi buɗewa, kusan digiri 60, amma hotonsa bai kai na farkon fitowa ba. Da wannan ƙunci, 'yar karkata kaɗan ta isa ta sa na'urar ta riƙa nuna maka abin da yake can gefe alhali kana zaton ƙarƙashinka yake. Idan kuwa kunnenka dogo ne irin mai hoton gefe da gefe, mai aiki da kilohaz 455 ko 800, to juya shi gaba a baya yana mayar da dama hagu, hagu kuma dama. In ka gamsu da zamansa, ka ƙulle notin, ka ja layi da maka daga kilif zuwa gangar, don duk ranar da ya goce ka gane da kallo ɗaya.

Hanyar waya

Wayar kunne ba irin wayar fitila ba ce. A cikinta akwai siraran wayoyi da aka lulluɓe da ragar ƙarfe mai tsare su daga hayaniyar lantarki, kuma saƙon da take ɗauka mai rauni ne ƙwarai. Ba a yanka ta, ba a yi mata ƙari da salatif, ba a lanƙwasa ta lanƙwasar kaifi. Idan fuloginta ya ƙi shiga wani rami, ramin za a faɗaɗa ko a sake hanya.

Daga kunnen, ka zagayo da ita ta gefen gangar zuwa gindin sanda, ta kwanta a jikin ƙarfe ba tare da ta yi ciki ba, ka yi ɗaurin farko a nan. Duk sakin da ka bari a wannan wurin rabon farfela ne. Daga nan ka hau da ita jikin sandar kana ɗaurewa duk bayan kamar taƙi guda. Ni na fi son in fara naɗa salatif sau uku ko huɗu a kan wayar, sannan in ɗora maɗaurin roba a kan salatif ɗin, in ja shi daidai yadda zai riƙe ba tare da ya nutse cikin fatar wayar ba. Maɗaurin da ya bar shaida a jikin waya ya matse da yawa.

Inda hanya take rabuwa shi ne wurin da sandar ta shiga maƙallinta. A inji mai mariƙin hannu, sandar tana juyawa a cikin maƙallin, akwai kuma zoben da ake kwancewa don ƙara zurfi ko ragewa. Ɗaurinka na ƙarshe ya tsaya ƙasa da maƙallin, a wurin da ko ka ja injin sama iyakarsa ba zai daki maƙallin ba, daga nan sai ka saki wayar ta yi lanƙwasa mai yalwa kamar hannun tulu kafin ka kama ta a jikin jirgi. A inji mai feda da igiyar ƙarfe, rabin sandar na ƙasa ne yake juyawa, na sama yana tsaye, don haka sakin yana zama a mahaɗar biyun, sannan wayar ta bi jikin igiyar fedar zuwa cikin jirgi, nesa da gaɓoɓin maƙallin da suke naɗewa kamar almakashi.

Inji mai sitiyarin lantarki kuwa ba a ɗaure waya a tsakiyar sandarsa sam, tunda sandar gaba ɗaya za ta bi ta cikin akwatin sitiyari. Wuri biyu ake kamawa: can ƙasa dab da gangar, da can sama dab da kan injin. Tsakanin biyun wayar tana tafiya ne a sake a gefen sandar, ta wajen akwatin. Daga kan injin kuma sai a zura ta ta cikin murɗaɗɗiyar wayar wutar injin, mai kama da wayar tsohuwar tarho, ta gangaro tare da ita zuwa gindi, yadda za su riƙa miƙewa da naɗewa tare.

Kafin ka yanke wutsiyar ko da maɗauri ɗaya, ka gwada. Juya injin dama iyakarsa, ka juya shi hagu iyakarsa. Ɗage shi, ka kwantar, ka kulle, ka sake saukewa. Ja shi sama, ka tura shi ƙasa. Yi haka sau biyar ko fiye, idonka a kan wayar, yatsanka yana bin ta, kana neman inda ta miƙe kamar tsirkiyar baka ko inda ƙarfe biyu suka haɗu da ita a tsakani. A nan na taɓa yin asara. Na ɗaure wayata tsaf, ta yi kyau a ido, na gwada juyawa amma ban gwada kwantarwa ba. Da na ɗage injin a bakin ruwa, makullin maƙallin ya danne ta. Fatar ba ta ko tsage ba, sai wani ɗan lotsawa kamar cizon haƙori, amma daga ranar allon yake nuna zurfi idan na juya dama, ya ɗauke idan na juya hagu. Ƙarshenta sabon kunne na saya, kuma kuɗinsa ya isa ya sa mutum ya tuna.

Ragowar wayar da ta yi yawa kada ka naɗe ta zobe-zobe kamar igiyar guga. Ka naɗe ta da siffar lamba 8, a sake, ka ajiye ta nesa da batir da manyan wayoyin inji.

Wuta da hayaniyarta

Allon gano kifi na bolt 12 ne. Idan injinka na bolt 24 ne ko 36, wato batir biyu ko uku a jere, kada ka jona allon a kan jimillarsu. Ko da injin na bolt 12 ne, shawarata ita ce ka raba musu batir. Yawancin injinan zamani suna sarrafa gudu ne ta hanyar datse wuta da sakinta da sauri ƙwarai, dabarar da take tsimin batir amma take watsa hayaniya cikin duk wayar da ke kusa. Ƙaramin allo mai inci 4 ko 5 ba ya shan wuta sosai, kuma ɗan batir mai bolt 12 irin wanda ake sa wa fanka mai caji yakan riƙe shi yini guda. Jar waya ta tafi kan fozitif ta cikin fis, baƙa ta tafi negatif. Fis ɗin ya zauna kusa da batir, girmansa kuma yakan zama amfiya 3 ga ƙananan na'urori, amma abin da takardar taka ta ce shi za ka bi.

Wayar kunne da wayar wutar inji kada su yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa. Idan hali ya yi, ɗaya ta bi gefen dama na jirgi, ɗaya ta bi hagu, in kuwa dole su haɗu, su gitta juna kamar mararraba.

Gwaji a kan ruwa

Sauke injin har saman gangarsa ya nutse kusan santimita 30, yadda farfela ba za ta riƙa jawo iska ba, sannan ka kunna allon. Ba a son barin kunne yana harbi na dogon lokaci a waje da ruwa. Ka tabbata na'urar ba ta kan hoton gwajin da kamfani ya sa mata, domin sabon shiga da yawa sun sha murnar ganin garken kifi alhali jirgin yana kan yashi.

Je wurin da ka san zurfinsa, ko ka auna da gora ko igiya mai dutse. Na'urar tana ƙirgawa ne daga fuskar kunne zuwa ƙasa, don haka za ta ba ka ƙasa da abin da igiyarka ta nuna, gwargwadon nutsewar injin. Akwai wurin gyara wannan bambanci a cikin saitinta. Daga nan ka kashe hotunan 'yan kifayen da allon yake zanawa da kansa, tunda yakan kira ganye da kumfa kifi, ka bar shi ya nuna amon yadda ya dawo. Ɗaura dalma a zare, ka sauke ta dab da injin, kana ɗagawa kana saki. Idan ka ga siririn layi yana hawa da sauka tare da hannunka, kunnen yana kallon inda ya kamata. Kifin da jirgi ya bi ta kansa a hankali yana fitowa ne kamar baka a kife, kuma idan kullum rabin bakan kake gani, kunnen ya karkata gaba ko baya, sai ka sassauta noti ka gyara kaɗan ka sake gwadawa.

Yanzu taka feda. Idan allon yana nan tas, ka huta. Idan layuka a tsaye ko ɗige-ɗige suka cika shi, suka kuma ɓace da ka ɗaga ƙafa, hayaniyar injin ce. Fara da raba batir idan ba ka raba ba, sannan ka nisanta wayoyin. In ta ƙi, ka nemi zoben ferayit, irin dunƙulen da ake gani a jikin wayar cajar kwamfuta, ka naɗa wayar kunnen a cikinsa 'yan zagaye kusa da allon. Ka kuma cire farfela ka duba bayanta, domin zaren ƙugiya ko na raga yakan naɗe a ƙarfenta ya sa ta girgiza, ya kuma ci robar da ke hana ruwa shiga injin. Saitin rage hayaniya da ke cikin na'urar shi ne na ƙarshe da nake taɓawa, saboda yana share ƙananan kifi tare da dattin. Idan kuwa layukan suna nan ko injin yana kashe, duba ko akwai wata na'urar da take harbi a kan kilohaz ɗaya da taka, a jirginka ko a na maƙwabcinka.

Bayan fita biyu ko uku, ka sake bi ta kan sukurun kilif da sukudireba, domin robar tiyub takan kwanta ta bar sako-sako, ka kuma duba layin makar da ka ja. Duk ranar da ka ratsa kainuwa ko kachalla, ka ɗage injin ka zare abin da ya maƙale tsakanin waya da sanda kafin ya ja ta. Fuskar kunnen da tsumma mai laushi da ruwan sabulu ake wanke ta, ba da fetur ko kananzir ba, ba kuma a kankare ta da wuƙa. Idan za ka cire allon ka tafi da shi gida, ka rufe bakin fulogin da murfinsa, ko ka sa shi a 'yar leda ka ɗaure bakinta yana kallon ƙasa, don kada raɓa ko ƙurar hunturu ta taru a kan siraran ƙafafunsa.